Malafa, Amawali da Laima: Tarihin Inuwar Sarauta

  

Duk wanda ya zauna ya duba tsofaffin hotunan sarakunan ƙasar nan da aka ɗauka a farkon zamanin Nasara, daga Adar zuwa Damagaram, zai lura da cewa fuskar sarki ba ta cika fita ba. Riga ta fito da aikinta, doki ya fito da kayansa, ana iya ƙirga dogarai ɗaya bayan ɗaya, amma wurin da ya kamata a ga idon mai gida sai a tarar da duhu. Jikoki sukan ɗora laifin a kan na'urar mai hoto. Alhali kuwa na'urar ta ɗauki abin da ta gani ne: rawani ya sauko har gira, amawali ya hau har karan hanci, malafa ta zauna bisa rawanin ta jefo inuwa a kan ɗan abin da ya rage. A haka sarki yake fita, a haka kuma talakawansa suka san shi.

Dalili na farko a fili yake ga duk ɗan ƙasar nan. Wanda ya taɓa hawa doki daga Tasawa zuwa Damagaram a watan bazara, ko ya keta fakon Adar da rana tsaka lokacin da duwatsu ke mayar da haske cikin ido, ba ya bukatar a yi masa bayani. Da hunturu kuma ga hazo da buji, iska na ɗauko rairayi tana watsa wa matafiyi. Manomi da makiyayi da falke da sarki rana ɗaya ke dukansu, saboda haka kowa ya nemi abin da zai tare ta gwargwadon halinsa. Mace mai goyo takan kifa wa jaririnta ƙwarya a ka, ko ta tare masa da faifai. Tsoho ya ranbaɗa tozali, wanda mutanen da suka ɗauka ado ne kuma maganin ƙyallin rana. Sai dai abin da ya zama kariya kawai a kan talaka, da ya hau kan basarake sai ya ɗauki wata ma'ana.

Ɓoye fuskar mai mulki tsohuwar al'ada ce a wannan yanki. Ibn Baɗɗuɗa, matafiyin nan na ƙasar Maroko, ya sauka Takadda a yammacin Abzin a shekarar 1353, ya kuma rubuta abin da ya ji game da Sarkin Barno na lokacin, cewa ba ya bayyana ga jama'a, daga bayan labule yake yi musu magana. Bayan shekara kusan ɗari biyar, a 1823, Baturen Ingila Denham ya tarar da Mai na Barno zaune cikin wani keɓaɓɓen wuri mai kama da keji, fadawansa na jere a gabansa da manya-manyan rawuna. Damagaram ta daɗe ƙarƙashin inuwar Barno, daga can ta ɗauko sarautu da yawa da tsarin zaman fada. Har yau idan Sarki zai hau doki, ko zai gyara zama, ko atishawa ta zo masa, dogarai kan yi maza su baza hannayen rigunansu su kare shi. Labulen nan ne na da, ya koma hannun riga.

Amawali ya fi kowane ɗayansu kusa da jiki. Shi ne ɓangaren rawani da ake zagayowa da shi ta ƙarƙashin haɓa, a ja shi ya rufe baki, wani lokaci har hanci. Abzinawa su ne gwanayen wannan naɗi, domin namiji a cikinsu idan ya balaga aka naɗa masa, ba ya sake buɗe bakinsa gaban surukai ko manya, ko da abinci zai ci. Cuɗanyar Abzinawa da Gobirawa da Adarawa da Damagarawa ta ƙarnoni ce, ta aure da fatauci da yaƙi, kuma Gobirawa kansu sun yi zaman Abzin kafin su gangaro kudu. A fada amfanin amawali ya wuce tare ƙura. Mai shari'a tsakanin mutum biyu, idan aka ga ya murmusa ko ya cije leɓe tun ana cikin bayani, to an karanta hukunci kafin a yanke shi. Amawali yakan rufe wannan ƙofa. Ido kaɗai ke saura, shi kuma talaka ba ya ɗaga kai ya kalle shi.

Ƙyallen da ake naɗawa ma yana da tarihinsa. Farar harsa ta malamai ce da dattawa da sarakuna a ranakun Juma'a da Idi. Baƙin rawani mai walƙiya kuwa, ɗan Kura, sunansa ya faɗi asalinsa: garin Kura da ke kudu da Kano, inda ake saƙa turkuɗi siriri, a rina shi da baba sau da yawa, a kai shi mabuga a yi ta dukansa da shuni har ya riƙa ɗaukar ido. Ayarin da ya kai gishiri da dabino Kano daga Kawar, da shi yake komowa, ya ratsa Damagaram da Damargu har Agadas. Yana zuba a fata ya bar shuɗi a goshi da kumatu, masu shi kuwa ba su ɗauki wannan aibi ba, alama ce ta cewa kayan na ainihi ne.

Mutanen Gobir sun fi kowa sanin cewa rawani ya taɓa zama maganar siyasa. Wajen shekarar 1788, da Sarkin Gobir Bawa Jangwarzo ya tara malamai a Magami don sallar layya, Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, haifaffen Maratta ta ƙasar Ƙonni, ya ƙi karɓar kyautar dukiya, ya roƙi abubuwa biyar a madadinta. Ɗaya daga cikinsu shi ne a girmama duk wanda ya naɗa rawani. Bawa ya amince. Bayan ƴan shekaru Sarki Nafata ya yi shela ya hana maza naɗa rawani, ya hana mata lulluɓi, domin ya ga ƙyallen ya zama tutar wata jama'a da ke girma a cikin ƙasarsa ba da izininsa ba. Abin da ya biyo baya sananne ne: Tabkin Kwatto a 1804, faɗuwar Alƙalawa a 1808, fitar sarakunan Katsina daga birninsu har Ɗan Kasawa ya zauna Maraɗi wajen 1819, yaƙin Gawakuke a 1836 da kafuwar Tsibiri a bayansa. Wannan littafi ba wurin sake shari'ar waɗannan yaƙe-yaƙe ba ne, jikokin ɓangarorin biyu sun daɗe da zama surukan juna. Abin lura kawai shi ne, a ƙarni na 19 duka, mahayan Sakkwato da mahayan Maraɗi da Tsibiri da suka yi ta gwabzawa, kowannensu da rawaninsa da amawalinsa ya fito.

A fagen fama akwai wanda ya fi rawani nauyi, wato kwalkwali. Littafin tarihin sarakunan Kano ya ce Sarki Kananeji, wanda ya yi mulki daga 1390 zuwa 1410, shi ya fara kawo lifidi da sulke da kwalkwali. Ƴan lifida su ne katangar rundunar sarki, mutum da doki duk a lulluɓe da bargo mai cushe da auduga ko rimi, kai kuma a cikin kwalkwali mai ƙyallin ƙarfe da tuntun gashin jimina, an ɗaure shi a haɓa. An yi shi ne don takobi da kulki da kibiya, kuma ya yi aikinsa shekaru ɗaruruwa. Sarkin Damagaram Tanimun, wanda ya gina ganuwar Birni, ya sa aka ƙera igwa a cikin garinsa kafin rasuwarsa a 1884, ya riga ya gane cewa zamani na juyawa. A ƙarshen watan Yuli na 1899, a Tirmini, dawakin Sarki Amadu Kuran Daga suka fuskanci bindigogin sauran rundunar Voulet da Chanoine, wadda ta riga ta ƙone Birnin Ƙonni, ta yi karo da Sarauniya Mangu a Lugu. Ba a daɗe ba kwalkwali ya bar fagen yaƙi ya koma kayan hawan salla.

Malafa kuwa ba ta taɓa barin aiki ba, ita ce kuma ta fi cancanta a tsaya a kanta, domin ita kaɗai ce a cikin kayan nan da talaka da sarki suka yi tarayya a kanta, kuma daga ƙasar nan ake samun duk abin da ake yin ta da shi. A wasu wurare gurumfa ake ce mata. Asalinta kaba ce, ganyen ƙaramar goriba, wadda ta yi yawa a wani kwari na jihar Maraɗi har ta ba shi suna, Gulbin Kaba, wanda ya ratsa ƙasashen Tasawa da Mayahi ya nufi yamma. Akan yanko kabar tun tana ɗanya, a shanya ta, a tsaga ta siri-siri. Kaurin tsagin shi ke raba malafar gona da ta fada: ta gona da faɗi ake tsaga ta don a gama da wuri, ta fada kuwa sai an tsaga kamar zare, har saƙar ta yi laushi a hannu. Daga tsakiyar ƙoƙuwa ake farawa, a riƙa zagayawa ana faɗaɗawa har a kai baki. Wanda yake son zane sai ya rina wani sashe na kabar, ja da karan dafi, wani kuma baƙi, ya riƙa sarƙa su cikin fara.

Idan masaƙi ya gama, aiki ya koma hannun baduku. A nan ma ƙasar ba ta rasa abin alfahari ba, domin fatar jar akuyar Maraɗi da Sakkwato, wadda majema ke jemewa da bagaruwa, ita ce fatake suka riƙa ketare Sahara da ita, Turawa suna saye a hannun Larabawa suna kiranta fatar Maroko. Baduku yakan lulluɓe ƙoƙuwar da jar fata, ya bi bakin da dajiya don kada ya zare, ya yanka ƙananan fatu baƙaƙe da tsanwaye ya jera su a jiki, sa'an nan ya sa dogon maɗauri mai zarge wanda ake ja a haɓa idan doki ya zabura, a kuma sassauta shi a rataya malafar a baya idan an shiga inuwa. Malafar basarake akan yi mata ƙoƙuwa mai faɗi ƙwarai, saboda a kan rawani za ta zauna, ba a kan hula ba. Wannan ita ce hanya mafi sauƙi ta gane ta idan an tsinto ta a cikin tsofaffin kaya: wadda ta yi wa kai yawa har ta faɗo kan hanci, to ta mai rawani ce.

Ta manya ƙwarai akan kewaye ta da baƙin gashin jimina. A ƙarni na 19 gashin jimina yana cikin manyan hajojin da attajiran Zangon Damagaram, irin su Malam Yaro, ke aikawa Tarabulus tare da fatu da hauren giwa. Kasuwarsa ta faɗi a Turai wajen yaƙin duniya na 1914, jiminar kanta kuma farauta da fari suka bi ta har ta ɓace daga dajin Damargu da Abzin, sai da aka koma kiwonta a killace a Kalle ta ƙasar Gure don kada irinta ya ƙare. Saboda haka duk gidan da yake da malafa mai gashin jimina na da, ya san cewa yana riƙe da abin da ba a iya maye gurbinsa cikin sauƙi.

Malafa tana da ladabinta. Talaka idan ya hango sarki ko hakimi tafe, yakan tuɓe takalmi, ya ture malafar baya, ya durƙusa ya yi gaisuwa, amma hularsa na nan a kansa, domin tsayawa gaban babba kai ba hula rashin kunya ne. Ba a shiga zauren fada da ita, ba a shiga masallaci da ita. Duk hulunan ƙasar Hausa, daga haɓar kada zuwa dara da kubbe, babu mai baki a gaba, saboda goshi ya samu isa ƙasa wajen sujada. Abin tare rana daban, abin rufe kai daban, ana ɗora ɗaya kan ɗaya, a sauke na sama idan lokacin salla ya yi.

Nasara ya zo da nasa tsarin, wanda ya saɓa wa wannan ta kowace fuska. Shi hula yake cirewa don girmamawa, ya bar takalmi a ƙafa. Ya zo da farar hular kwano mai baki gaba da baya, wadda likitocinsu suka tabbatar musu cewa wanda ya fita rana ba ita zai iya faɗuwa matacce, har ya zamana Bature ba ya taka ƙofar gida sai da ita. Hafsoshinsu kuma suna da kefi mai ɗan baki a goshi. Sojan baƙar fata da aka ɗiba daga ƙasashen nan jar dara aka ba su, marar baki, su yi ta maci cikin rana ido a buɗe. A shekarun da Damagaram take babban birnin mulki, daga 1911 zuwa 1926 da aka mayar da shi Yamai, farar hular nan ta zama alamar iko ita kanta, hango ta daga nesa ya isa ya sa ƙauye ya shiga taitayinsa, don an san haraji ne ko aikin tilas ke tafe. Wasu daga cikin tafintoci da malaman lakwal da ma'aikatan biro sun ɗauke ta su ma, kafin ta fita yayi bayan yaƙin duniya na biyu, lokacin da Turawan da kansu suka gane rana ba ta kashe wanda ya bar ta a gida.

Zamani ne mai wuya ga masu rawani. A 1906 Faransawa suka zargi Sarkin Damagaram Amadu ɗan Basa da shirya tawaye, suka tuɓe shi suka kai shi Kodibuwa, suka ɗora Ballama, bawan fada, a kan al'amuran gari. Rawani bai koma gidansa ba sai 1923 da aka naɗa Barma Mustafa. Sarautun kanto da yawa na kudancin Nijar a cikin waɗannan shekaru aka tsara su, ko aka tabbatar da su a takarda, shi ya sa bukukuwan cika shekara ɗari suka yi ta zuwa kusa da juna. Sarakunan wancan lokaci sun tsaya tsakanin kwamandan da talakawa, sun ga yunwar Kakalaba ta 1913 zuwa 1914, sun ga ɗibar soja da ɗibar gero, kuma ba kowane ne ya fita da hannu mai tsabta ba. Amma akwai abu guda da za a shaide su da shi. An ba su lambobin girma sun rataya a kan alkyabba, daga baya wasu sun samu mota, duk da haka da wuya a nuna hoton wani sarkin ƙasar nan da ya sauke rawaninsa ya kifa hular kwamandan.

Ita laima, wadda yau ake ganin kamar da ita aka haifi sarauta, matsayinta ya bambanta da na malafa. Malafa mutum ke ɗaukar abarsa da kansa. Laima sai an riƙa masa, kuma mai riƙon yana tafe a ƙasa yana juya ta, yana bin takun doki. Inuwar da wani ke ɗauke da ita domin wani, ita ce ke nuna wa baƙo daga nesa ko wane ne mai gari a cikin mahaya ɗari. Don haka ba a buɗe wata laima kusa da ta Sarki a ranar hawa. Yayin da laima ta yawaita, motoci kuma suka rage doguwar tafiya a kan doki, sai malafar fada ta fara zama a rataye.

A wajen fada kuma wata ta zo ta ci kasuwarta. Hular nan mai baki a gaba da ƴan makaranta da ƴan kabu-kabu da ƴan siyasa ke sawa, wadda ake bugawa da sunan jam'iyya ko na kamfani a raba kyauta, Hausawa ba su ɓata lokaci ba wajen raɗa mata suna: hana-salla. Sunan ya isa sharhi. Tana tare goshi ta bar kunne da ƙeya a rana, ba ta kai rabin inuwar malafa ba, amma ba ta da nauyi, tana shiga aljihu, kuma saurayi ba ya jin an ce masa baƙauye idan ya sa ta. Tabarau baƙi ya ƙarasa sauran aikin, har a kan wasu masu rawani. Fulani makiyaya da manoman karkara ne suka riƙe malafa da gaske, su ne har yanzu ke sa masu saƙa ba su daina ba.

Kabar ma ta sha wuya. Farin 1973 zuwa 1974 da na 1984 sun kashe itatuwa da yawa, gonaki sun ci kwarin, masu tabarma da igiya suna yankan ganyen tun bai yi ƙarfi ba, har goriba ta kasa tashi ta zama itace a wurare da dama. Sassaben zamani da manoman jihar Maraɗi suka runguma tun daga shekarun 1980, wato barin tsiron itace a gona a riƙa yi masa aski maimakon a tumɓuke shi, ya dawo da gawo da kalgo da sabara a miliyoyin eka, kuma goriba na cikin masu cin moriyarsa inda aka kula. Abin da ya fi wuyar dawowa shi ne hannu. Mai saƙa ta gona yana nan a kowace kasuwa, amma mai iya siririn tsagi da badukun da ya san zanen fada sun zama ƴan ƙalilan, mafi yawansu tsofaffi, ƴaƴansu sun koma ɗinkin takalmi da jakunkuna saboda nan ciniki yake.

Akwai gidajen sarauta da na hakimai da dama da ke da irin waɗannan kaya a cikin adaka ko a kan rumbu, ba wanda ya buɗe tun rasuwar mai su. Gara ba ta san tarihi ba, dillalan kayan da kuma suna yawo gida-gida, sukan ba magada abin da bai kai kuɗin buhun gero ba su tafi da abin da ba a ƙara ganinsa. Ya kamata majalisar Sarki ta sa a bi gidajen nan tun tsofaffin da suka san mai kowace malafa da kowane kwalkwali suna raye, a rubuta sunan mai shi da sarautarsa da garin da aka yi shi, a ɗauki hoto, kayan kuma su zauna a hannun masu su. Adana su ba ya bukatar kuɗi mai yawa. Malafa ba a ajiye ta a ƙasa, ba a jingina ta da bango, ba a ɗora mata kaya. Rataye ta ake yi daga azara a ɗaki mai iska, a shafa wa fatar ɗan mai sau ɗaya a shekara bayan hunturu, a sa busasshen ganyen bedi a cikin ƙoƙuwar saboda asu, gashin jiminar kuma a naɗe shi da farin ƙyalle.